Yadda Ake Shirya Hutun Tausa da Gyaran Jiki a Tsibirin Zanzibar

Wanda gajiya ta taru masa a wuya da gadon baya, yana neman inda zai je ya kwanta a bakin teku a matsa masa jiki, ba sai ya tsallaka Asiya ba. Zanzibar tana nan a gabashin Afirka, daura da gaɓar Tanzaniya, kuma ta fi wurare da yawa dacewa da mutumin ƙasarmu. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, za ka ji kiran salla daga ɗakinka, nama na yanka ne a kasuwanninsu, sannan suna da tsohuwar al'adar gyaran jikin amare wadda duk macen da ta san dilka za ta gane ta da gani ɗaya. Sai dai hutu irin wannan ba ya samuwa don kawai an sayi tikiti. Mutane da yawa suna zuwa su cika kwanakinsu da yawo daga asuba har dare, su koma gida a gajiye fiye da yadda suka fito. Ga yadda ake tsara tafiyar don jiki ya amfana da kuɗin da aka kashe.

Mataki na farko: takardu kafin tikiti

Zanzibar tarin tsibirai ce, manyansu biyu su ne Unguja da Pemba, kuma Unguja ce inda mafi yawan baƙi ke sauka. Tun 1964 ta haɗe da Tanganyika suka zama Tanzaniya, don haka bizar Tanzaniya za ka nema. Amma tana da gwamnatinta ta cikin gida mai wasu dokoki nata na kanta.

Idan fasfon Najeriya, Nijar ko Chadi kake riƙe da shi, ka kula sosai a nan. Waɗannan ƙasashe suna cikin rukunin da ba a ba wa biza a filin jirgi. Sai ka cike takarda ta intanet a shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya, ka jira amincewa daga hedikwata. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada a biya kuɗin jirgi ko masauki sai amincewar ta fito. Ka bi wannan shawara sau da ƙafa. Idan an nemi shaidar masauki wajen cike takardar, ka kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba. Masu fasfon Ghana su ba sa buƙatar biza. Dokokin nan suna sauyawa, saboda haka ka leƙa shafin hukumar a makon da za ka fara shiri.

Abu na biyu shi ne katin rigakafin shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasashen da cutar take, har da namu. Allurar tana fara aiki ne bayan kwana goma, kada ka bar ta sai ana gobe tafiya. Na uku kuma inshorar baƙi: tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshora daga kamfanin inshorar gwamnatinta, dala 44 ga babba, ko da kana da wata inshorar daga gida. Ta intanet ake saya. Ka buga takardar a kan farar takarda, ka kuma ajiye hotonta a waya.

Mataki na biyu: zaɓen wata

Daga Yuni zuwa Oktoba ne lokacin da na fi so. Babu ruwan sama sosai, iska mai sanyi tana kaɗawa daga kudu, mutum na iya zama a baranda da rana tsaka ba tare da gumi ya jiƙa shi ba. Janairu da Fabrairu ma rani ne, amma da zafi da danshi. Daga Maris zuwa Mayu babbar damina ce, Afrilu ya fi kowanne ruwa, har wasu otal-otal sukan rufe su yi gyara. Ana samun ƙaramar damina wajen Nuwamba, ruwan yakan zubo ya ɗauke.

Ga wanda tausa da barci ne kawai a gabansa, damina ba abin gudu ba ce, domin farashin ɗaki yana sauka ƙwarai kuma wurin babu cunkoso. Ƙarshen Disamba kuwa komai yana tsada. Idan tafiyar ta faɗo cikin azumi, ka san cewa gidajen abinci da yawa a cikin gari suna rufe da rana, kuma mai matsa maka jiki wataƙila da azumi a bakinsa, sai a tausaya wajen zaɓen lokaci.

Mataki na uku: wace gaɓa za ka sauka

Wannan shi ne zaɓin da ya fi kowanne tasiri, kuma shi ne wanda hotunan talla ba sa faɗa maka gaskiyarsa. Tekun Indiya yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana. A gabashin tsibirin, wato Paje, Jambiani, Bwejuu, Pongwe da Matemwe, idan ruwan ya janye yakan yi nisa ƙwarai, har ka tsaya a ƙofar otal ka hango shi can kamar zare. Wanda ya biya kuɗi don ya fito daga ɗaki ya faɗa ruwa zai ga rairayi ne kawai da duwatsun murjani na tsawon sa'o'i. A arewa, Nungwi da musamman Kendwa, gaɓar tana da zurfi kusa, ana iya wanka kusan kowane lokaci, kuma daga nan ake ganin faɗuwar rana a kan teku.

To amma arewa ita ce mai hayaniya. Akwai kiɗa da dare, akwai masu talla da ke bin baƙo a kan rairayi. Paje kuma matattarar masu wasan lilo da iska a kan ruwa ce, matasa sun yi yawa. Idan shiru kake nema da gaske, ni Pongwe, Matemwe, Michamvi ko kudancin Jambiani zan nuna maka. Janyewar ruwan ba aibu ba ce idan ka san da ita. A lokacin ne za ka ga mata da zannuwansu masu launi sun shiga gonakin ciyawar teku a Paje da Jambiani, sun zauna cikin ruwa iya gwiwa suna ɗaura ciyawar a igiyoyin da aka kafa tsakanin turaku. Ciyawar nan ita ce ake sarrafawa a yi sabulu da abin goge jiki da za a shafa maka a ɗakin tausa.

Dabarar ita ce ka nemi jadawalin cika da janyewar teku na kwanakin da za ka yi, yana nan a intanet kuma otal-otal sukan rubuta shi a allo. Lokacin yana matsawa gaba da kusan minti hamsin kowace rana. Kalandar Musulunci ma za ta taimake ka: a farkon wata da tsakiyarsa, lokacin da wata ya cika, cikar da janyewar sun fi ƙarfi. Ka sa wanka a lokacin cikar ruwa, tausa a lokacin janyewa. Ka kuma sayi takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda a gabas akwai wata halittar ruwa baƙa mai ƙaya kamar bushiya, idan ka taka ta hutun ya koma jinya.

Mataki na huɗu: tambayoyin da za ka aika wa otal kafin ka biya

Kada ka dogara da kalmar da ke rubuce a talla cewa suna da wurin gyaran jiki. A wani wurin gini ne guda da ɗakuna da ɗakin sirace da ma'aikatan da aka horar, a wani wurin kuma gado ɗaya ne a bayan labule. Ka rubuta musu ta imel ko WhatsApp, ka nemi jerin ayyukansu da farashi da tsawon minti.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce ta wanda zai taɓa jikinka. Galibin masu tausa a otal-otal mata ne, don haka 'yar'uwa ba za ta sha wahala ba, sai dai ta tabbatar. Kai namiji kuwa dole ka tambaya tun daga gida ko suna da mai tausa namiji, ko za su iya kira maka wani a ranar da ka zaɓa. Ka faɗa kai tsaye ba tare da kunya ba. Mutanen nan Musulmi ne, sun san dalilinka kafin ka gama magana. Idan suka ce babu, nemi wani otal ko wani wurin tausa na waje. Kada ka bari sai ka kwanta a gado sannan a fara wannan magana.

Ka tambaya kuma ko ɗakin tausar rufaffe ne, domin wasu rumfa ce buɗaɗɗiya mai kallon teku, wadda ke da daɗi ga wasu amma ba ta suturta mace. Idan mata da miji ne, ku tambayi ɗakin mutum biyu, a kawo mace ga uwargida, namiji ga maigida, ko kuma a yi muku ɗaya bayan ɗaya. Manyan otal-otal na baƙi suna sayar da barasa, wasu suna dafa naman alade ga Turawa, saboda haka ka tambayi yadda kicin ɗinsu yake, ka ce a kwashe barasar da ke cikin firjin ɗaki kafin ka iso. Mai hali zai iya kama ɗaki mai ƙaramin wurin ninkaya na kansa da katanga, wanda shi ne abin da yake ba wa matar aure damar sakewa ta yi wanka yadda take so.

Mataki na biyar: hanya da guzuri

Ethiopian Airlines yana ɗauka daga Kano, Abuja, Legas da Yamai zuwa Addis Ababa, daga can a canza jirgi zuwa filin Abeid Amani Karume na Zanzibar. Kenya Airways yana bi ta Nairobi. Wanda ya sauka a Dar es Salaam zai iya shiga jirgin ruwa mai gudu, tafiyar wajen awa biyu ce, amma idan teku yana sa ka jiri ka hau ƙaramin jirgin sama. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Kuɗinsu shilin ɗin Tanzaniya ne. Ka tafi da daloli sababbi masu tsabta, tsofaffin bugu ba sa karɓuwa, ka canza a cikin gari ko filin jirgi domin na'urar cire kuɗi ba ta da yawa a ƙauyukan gaɓa. Tanzaniya ta haramta ledar cefane tun 2019, kada ka cika jaka da ita. Ka ɗauki kaya marasa nauyi na auduga, man kare fata daga rana, da maganin shafawa na sauro. Ka sa otal ya turo maka mota a ranar isowa. Zuwa Nungwi tafiyar wajen awa ɗaya da rabi ce, zuwa Paje wajen awa ɗaya.

Wani abu da kan rikita mutumin ƙasarmu: alƙibla a Zanzibar arewa take, ba gabas ba, domin tsibirin yana kudu da Makka kusan a miƙe. Kada ka shimfiɗa darduma ka fuskanci mafitar rana bisa sabo.

Mataki na shida: bar wa kwanakin sarari

Mako guda ya isa. Ranar isowa babu tausa mai ƙarfi, babu yawo. Ka sha ruwa, ka ci abinci, ka yi barci. Washegari a fara da tausa mai laushi. A tsakiyar mako a yi gyaran fata. Kwana biyu kafin komawa a yi tausa mai zurfi ga wanda ke buƙata, don tsamin da kan biyo baya ya wuce kafin zaman jirgi. Tausa uku ko huɗu a mako sun wadatar, kullum-kullum jiki ba ya so.

Yawon buɗe ido kada ya wuce biyu. Na farko gonar kayan ƙamshi a wajen Kizimbani ko Kidichi, inda za a tsinko maka kanumfari ɗanye daga bishiya, a ɓare ɓawon kirfa a miƙo maka ka sansana, a tono kurkum da citta a gabanka. A Kidichi akwai tsohon gidan wanka irin na Farisa da Sarki Seyyid Said ya gina wa matarsa a 1850. Na biyu tsohon birni, Stone Town, wanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A nan za ka ga gidan wankan jama'a na Hamamni da aka gina a zamanin Sarki Barghash, wanda ya yi mulki daga 1870 zuwa 1888. Yanzu ba a wanka a ciki, kallo kawai ake zuwa, amma yana nuna maka cewa kula da jiki ba baƙon abu ba ne da otal-otal suka shigo da shi. Sauran wurare, dajin Jozani da birransa ja, tsibirin Changuu da manyan kunkurunsa, a bar su sai wani zuwan idan lokaci bai ba da dama ba.

Mataki na bakwai: me za a yi maka

A jerin ayyukan za ka ga tausar Suwidin, wadda ita ce mai laushi da mai, ta dace da wanda bai taɓa yi ba. Akwai mai zurfi da ake danna tsoka da gwiwar hannu, ta masu ciwon kafaɗa daga zaman ofis ko tuƙi. Akwai ta duwatsu masu ɗumi. Waɗannan duka za ka same su a Abuja ko Dubai. Abin da ya cancanci ka zo Zanzibar dominsa shi ne singo.

Singo haɗi ne da ake goge wa amaryar Suwahili jiki da shi kafin biki. Ana busar da furannin yasmin da wardi da wani fure mai ƙamshi da suke kira langilangi, a haɗa da kanumfari da ɗaɗɗoya da garin itacen sandal, a daka, a kwaɓa da ruwan wardi. Sai a shafa a jiki, a bar shi ya ɗan tsotse, a murje da tafin hannu har dattin fata ya riƙa zubowa. Ke da kika saba da dilka, aikin iri ɗaya ne, sai dai singo ya fi kai wa ga ƙamshin fure, ba shi da nauyin hayaƙin turaren wuta. Suna da nasu turaren na tsuguno da suke kira udi, wasu wuraren sukan rufe da shi. Garin sandal da ake gogawa a kan dutse a shafa a fuska kuma sunansa liwa, yana sanyaya fatar da rana ta taɓa. Maza ma suna da nasu abin gogewa na kanumfari, mai ɗumi, wanda asalinsa daga Pemba ne inda aka fi noman kanumfarin. Ka tambaya ko haɗin na gargajiya ne da suka daka da kansu, domin wasu wuraren suna ne kawai suke ara su shafa maka na kwalba. Hancinka zai faɗa maka.

Mataki na takwas: ranar tausar kanta

Lokaci mafi daɗi shi ne hantsi, ko bayan La'asar yadda za a gama kafin Magariba, wadda ke faɗuwa wajen shida da rabi kusan duk shekara. Ka tabbatar da lokacin a rubuce, saboda a harshen Suwahili ana fara ƙidayar awa ne daga fitowar rana: idan ma'aikaci ya ce maka ƙarfe goma na yamma da lissafinsu, ƙarfe huɗu yake nufi a agogonka.

Kada ka ci abinci mai nauyi awa ɗaya zuwa biyu kafin shiga. Ka yi wanka ka wanke gishirin teku da rairayi. Kada ka yi aski ko cire gashin jiki a ranar da za a goge maka fata, zai yi raɗaɗi. Ka bar waya da zobe da sarƙa a ɗaki. Za a ba ka takarda ka cike game da lafiyarka, ka faɗi gaskiya. Kana da ikon barin gajeren wando a jikinka, a lulluɓe ka da tawul, a buɗe wurin da ake aiki kawai. Ka faɗi wuraren da ba ka so a taɓa tun kafin a fara. Idan dannawar ta yi yawa ka yi magana nan take, dauriya ba ta da amfani a nan, tsokar da ta ƙanƙame don zafi ba ta sakewa. Man kanumfari yana da zafi a fata, don haka a ɗiga kaɗan a hannunka a jira tukuna. Bayan an gama ka tashi a hankali, ka sha ruwa ko shayin citta, ka guji rana, musamman bayan gyaran fata. Idan man ya yi kauri a hannu da ƙafa, ka wanke da sabulu kafin alwala. Tukwici kuwa a hannun wanda ya yi aikin ake sa shi.

Waɗanda za su ga likita tukuna

Mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su tambayi likitansu kafin su bar gida. Ɗakin sirace da duwatsu masu zafi ba na kowa ba ne, musamman mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, zai iya ƙonewa bai sani ba. Mai sikila ya kiyayi ƙishirwa, sirace da daɗewa cikin ruwan sanyi. Abu ɗaya kuma da bai kamata a yi wasa da shi ba: idan bayan doguwar tafiyar jirgi ka ga sha-raɓarka ɗaya ta kumbura tana zafi, kada kowa ya matsa ta. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, matsawa na iya tura shi zuwa huhu. Asibiti za ka nufa.

A kan rairayi za ka tarar da mata masu tayin tausa da lalle a farashi mai sauƙi. Tausar ƙafa ko kafaɗa a wajensu ba laifi, a yi ciniki kafin a fara, kuma kuɗin yana shiga hannun 'yan gari kai tsaye. Baƙin lalle ne abin gudu, domin sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ke ƙona fata ya bar tabo. A nemi jan lalle.

Mataki na ƙarshe: tsaraba da komawa

Idan masaukinka yana nesa da gari kuma jirgin na asuba ne, ka kwana a Stone Town daren ƙarshe. Da yamma ka shiga kasuwar Darajani ka sayi kanumfari, kirfa, masoro da garin sandal, sun fi na shagunan otal arha da kyau. Ka zaɓi kanumfarin da kansa bai karye ba, wanda idan ka danna shi da farce zai nuna maiƙo. Busasshen singo yana daɗewa idan an rufe shi a gwangwani, a gida ruwan wardi kawai za a zuba. Man kwakwa da ruwan wardi su shiga babbar jaka, a naɗe bakin kwalbar da kyau, domin duk abin ruwa da ya wuce mililita 100 ba zai wuce bincike a jakar hannu ba, a Zanzibar ko a Addis Ababa.